Sanyin ƙashi: shin sanyi ne, ko wuta ce ke cin gaɓoɓinmu?

Da zarar hunturu ya sauko Kumasi, ko ruwan watan Yuni ya kwana uku bai ɗauke ba, hirar da za ka fi ji a ƙofar masallatan Aboabo da Asawase, har cikin rumfunan Kejetia, ita ce: "Sanyin ƙashina ya tashi." Maƙwabtanmu Asante su ce sasabro. Tsohon da gwiwarsa ke ƙara in zai yi sujada ya ce sanyin ƙashi. Mahaucin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare ya ce sanyin ƙashi. Matar da yatsunta suka fara karkacewa tana da shekara talatin da biyar, ita ma sunan da aka ba ciwonta ke nan. Shin sanyi ne ke kawo wannan ciwo? Kuma cuta ɗaya ce duk waɗannan mutane ke fama da ita?

Abin da ya sa na ɗauko zancen yanzu shi ne wani labari da ya wuce mu kamar bai shafe mu ba. Ranar 6 ga Oktoban 2025 aka sanar da ba masana uku lambar Nobel ta fannin likitanci: Shimon Sakaguchi na Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. Aikinsu kan yadda garkuwar jiki ke kame hannunta ne don kada ta afka wa jikin da take tsaro. A kunne abin kamar na ɗakin gwaje-gwaje ne a can nesa, amma yana da alaƙa kai tsaye da waccan mata mai karkatattun yatsu.

Suna ɗaya, cututtuka fiye da ɗari

Kalmar "sanyi" a bakinmu ta ɗauki kaya da yawa. Mura sanyi ce, ciwon mara na mata sanyi ne, cutar da ake ɗauka wajen saduwa ma ciwon sanyi muke ce mata. Haka "amosani": akwai na gaɓɓai, akwai na jini, akwai na ka. Su kuwa likitoci, cututtukan da ke taɓa gaɓoɓi a lissafinsu sun haura ɗari, kuma maganin wata ba ya yi wa wata komai.

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙashi biyu. Bakin kowane ƙashi yana sanye da guringuntsi mai santsi, sannan wani siririn tantani ya lulluɓe mahaɗar yana zuba mata ruwa mai yauƙi don ta riƙa motsi ba gogayya. Cutar da ta fi yawa ita ce zaizayar gaɓa, inda guringuntsin ke cinyewa sannu a hankali har ƙashi ya kusa gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da ita, mafi yawansu sun haura shekara 55, mata sun fi maza, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala. Shekaru, ƙiba, tsohon rauni da ɗaukar nauyi su ne manyan dalilanta. Duk wanda ya ga yaran nan kayayei, 'yan mata daga Arewa, suna ratsa Kejetia da kwano cike da doya a ka tun safe har magariba, ya san gwiwoyi da wuyan da za su yi kuka nan gaba. Alamar zaizaya ita ce ciwon yana ƙaruwa da aiki, yana lafawa da hutu, in kuma gaɓa ta sandare da safe, cikin 'yan mintoci take sakewa.

Ta mahaucin kuwa gawut ce. Wani sinadari da ake kira yurik asid ne ke taruwa a jini saboda ƙoda ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sai ya daskare ya zama ƙananan allurai a cikin gaɓa. Takan faɗo da dare, sau da yawa a babban yatsan ƙafa, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ko mayafi ya taɓa shi sai mutum ya yi ihu. Tun 1848 wani likitan Ingila, Alfred Garrod, ya nuna cewa jinin masu wannan ciwo cike yake da wannan sinadari. Kayan ciki, yawan jan nama, giya da lemon kwalba mai zaƙi suna tayar da ita, shi ya sa wasu ke haɗuwa da ita a kwanakin Layya. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma suna ƙara ta. Abin da ya kamata a sani game da gawut shi ne tana cikin waɗanda ake iya kashe wutarsu gaba ɗaya, da ƙwaya mai araha irin alofurinol, muddin za a riƙa sha kullum bisa umarnin likita.

Akwai kuma wadda mu a Ghana bai kamata mu manta da ita ba: sikila. Tun kafin Turawa su san ta, kakannin mutanen ƙasar nan sun raɗa mata suna. Farfesa Felix Konotey-Ahulu ya tattara sunayen, Asante na cewa ahotutuo, Ga na cewa chwechweechwe, mu kuma amosanin jini. Duk suna nufin ciwon ƙashi mai tasowa lokacin sanyi. A nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma abin da aka gani shi ne kusan biyu cikin kowane jarirai ɗari ana haifarsu da cutar. Yaron da ke kukan ƙashi duk damina da hunturu, gwajin jini ya kamata a fara yi masa kafin a shafa masa man zafi.

Idan mai gadi ya juya wa gida baya

Wanda ya fi damuna shi ne rukuni na gaba, domin shi ne ke nakasa matasa a tsakiyar ƙarfinsu, kuma shi ne aka fi jahilta.

Kumburi ba abokin gaba ba ne a asalinsa. In ƙaya ta soke ka, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Waɗannan alamomi huɗu wani marubucin Rum mai suna Celsus ya rubuta su kusan shekara dubu biyu da suka wuce, har yau kuma su ake koya wa ɗaliban likitanci. Abin da ke faruwa shi ne hanyoyin jini sun buɗe, fararen ƙwayoyin jini sun yi dafifi a wurin, suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, suna kashe ƙwayar cutar da ta shigo. In an gama yaƙi sai a kashe wutar, wuri ya warke.

To amma ta yaya waɗannan dakaru ke bambance ɗan gida da baƙo? A da an ɗauka cewa duk ƙwayar garkuwar da za ta iya cutar da jiki ana kawar da ita tun tana ƙarama, a wani ɗan kulli da ke bayan ƙashin ƙirji. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa wasu na kuɓucewa, kuma akwai wani rukuni na musamman na fararen ƙwayoyi da aikinsu kawai shi ne tsawata wa 'yan uwansu, kamar dattawan unguwa masu hana matasa ɗaukar doka a hannu. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki, wadda aka sa wa suna FOXP3, a jikin wasu ɓeraye da garkuwarsu ke cinye su, suka kuma nuna cewa lalacewarta na jawo mummunar cuta ga jarirai. Bayan shekara biyu Sakaguchi ya haɗa zaren biyu.

In wannan tsawatarwa ta yi rauni, garkuwa sai ta afka wa jiki. In ta faɗa wa tantanin gaɓa, ita ce cutar da ake kira rumatoyid. Tantanin ya yi kauri, ya cika da ƙwayoyin yaƙi, ya riƙa cin guringuntsi da ƙashi daga gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ne ke da ita a 2019, kashi 70 cikin ɗari mata. In kuma ta bazu ta taɓa fata, ƙoda, jini da gaɓoɓi, ita ce lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma ta fi tsanani ga baƙar fata. Akwai mai kama ƙashin baya na samari, ciwon ya fi tashi da asuba, motsa jiki ya sa ya lafa. Akwai kuma zazzaɓin gaɓoɓi na yara, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba: garkuwa ta tashi yaƙar ƙwayar cutar, ta ruɗe, ta koma kan gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gaɓoɓin sukan warke, zuciyar ce ke ɗaukar tabon har girma.

Ka taɓa irin wannan gaɓa da bayan hannunka, ɗumi za ka ji. Abin da muke kira sanyi, a cikinsa wuta ce ke ci.

Hannun mai koko

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, koko da ƙosai take sayarwa tun ina yaro. Sana'a ce ta asuba. Kafin kiran sallar farko ta tace gasara, ta dama, ta buga wake. Shekarun baya sai ta fara cewa yatsunta ba sa lanƙwasuwa in ta farka, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi, rana ta ɗaga sannan ta iya riƙe ludayi da kyau. Hannu biyun duka, gaɓoɓin tsakiyar yatsu da wuyan hannu, daga baya tafin ƙafa. Ga gajiya da ba ta san dalilinta ba.

Na ce mata, "Gwaggo, mu je asibiti a duba hannun nan."

Ta ce, "Kai yaro, ruwan sanyin da nake taɓawa da asuba ne. Uwata ma haka ta yi fama."

Na yi shiru, don ni ma a lokacin haka na ɗauka. Sai da aka shekara biyu ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe kafin a yi mata gwajin jini. Duk abin da ta faɗa tun ranar farko, a littafin likitoci alamomin rumatoyid ne ɗaya bayan ɗaya: sandarewar safe mai wuce rabin awa har awa guda, kumburi mai laushi a ƙananan gaɓoɓi, dama da hagu a tare, abin ya wuce mako shida. Har maganar uwarta tana kan hanya, domin akwai gado a ciki, ko da yake gado shi kaɗai ba ya isa.

Bincike ya nuna cewa cutar takan fara tun kafin a ji ciwo. Sinadaran da garkuwa ke ƙerawa don yaƙar jiki ana iya ganinsu a jini shekaru kafin yatsa ɗaya ya kumbura. Shan taba na cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna tunzura ta, musamman ga mai gadonta, kuma masana na bin sawun alaƙarta da ciwon dasashi da ƙurar da ake shaƙa. Wato wutar na iya kamawa a huhu ko a baki, sannan ta gangaro gaɓa.

Babban darasin da aka samu a shekaru talatin na bayan nan shi ne na lokaci. Ƙashin da cutar ta ci ba ya dawowa, kuma tana fara cinsa tun a shekara ta farko zuwa ta biyu. Wanda aka fara wa magani a watannin farko yana da kyakkyawar damar cutar ta kwanta ya ci gaba da sana'arsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa shekara biyu muka bari.

To ina ruwan sanyi?

Ba a banza mutane ke faɗa ba. A sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwo da gaske. Ga sauran kuwa, masu bincike a Jami'ar Manchesta sun sa mutane sama da 13,000 suna rubuta ciwonsu ta waya kullum, aka gwama da yanayin inda suke, aka fitar da sakamakon a 2019. An ga ciwo na ɗan ƙaruwa a ranakun laima da iska mai ƙarfi, ƙaruwar kuma ba ta da yawa. Saboda haka yanayi na iya motsa ciwon da ke nan. Amma wanka da ruwan sanyi, kwana kan siminti ko zama ƙarƙashin fanka ba su ke haifar da rumatoyid ko lufus ba.

Maganin da ke sa a miƙe yau

A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Dokta Philip Hench ya yi wa wata mata da rumatoyid ta kwantar allurar wani sabon sinadari, kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. Duniya ta ɗauka an gama da cutar, a 1950 aka ba shi Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba aka ga ɗaya fuskar: in an daɗe ana sha, fuska ta cika, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana, garkuwa ta faɗi. In an daina kuma ciwon ya dawo.

Jikokin wannan magani, faredinisolon da deksametazon, su ne yau ake samu a kemis da kuɗi kaɗan. Likita na amfani da su, amma da awo, na ɗan lokaci, a matsayin gada kafin maganin asali ya kama aiki. Matsalar ita ce yadda ake shansu a unguwa, wata da watanni, wani lokaci ma mutum bai san yana sha ba, don an sha kama magungunan da ake tallatawa da sunan na gargajiya a ƙasashe daban-daban an cusa musu irin wannan sinadari. Ni dai duk garin magani ko ruwan kwalba da aka sayar a tasha ko cikin mota, wanda ke ɗauke ciwon gaɓa na shekara cikin kwana biyu, ina zarginsa. Alamar da ke yaudararmu ita ce kumatu. Gwaggo ta yi kumatu a lokacin, mata na ce mata, "Hajiya, kin murmure." Ashe maganin ne. Wanda kuma ya daɗe yana shan irinsa kada ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage ƙera nasa, yankewar na iya kayar da mutum. A hankali ake ragewa, a hannun likita.

Sai su diklofenak da ibufurofen. Suna rage ciwo da kumburi ta hanyar toshe wasu sinadarai, kamar yadda John Vane ya gano game da asfirin a 1971. Amma waɗannan sinadaran su ne kuma ke kare bangon ciki da kula da jinin da ke ratsa ƙoda. Dattijo mai hawan jini da ke haɗiyar biyu safe biyu dare, har da sahur a cikin azumi ya wuni ba ruwa, yana sayen sauƙin gwiwa da lafiyar ƙodarsa. Taramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba sai an faɗa ba. Dukansu babu mai hana cutar cin ƙashi. Ciwon ne kawai ke yin shiru.

Abin da bincike ya canza

Maganin da ya zama ginshiƙi shi ne metotireksat. Asalinsa na ciwon daji ne, sai aka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa na kwantar da garkuwa, Amurka ta amince da shi don rumatoyid a 1988. Sau ɗaya ake shansa a mako, kuma wannan magana ce ta rai da mutuwa, domin an rasa mutane saboda sun ɗauka na kullum ne. Ana haɗa shi da folik asid, ana duba jini da hanta lokaci-lokaci, mai ciki ko mai neman ciki ba ta shansa. Yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, a nan ne mutanenmu da yawa ke karaya su koma wa mai saurin aiki. Lufus kuma ginshiƙinta haidiroksikulorokwin ne, ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sha don zazzaɓin cizon sauro. A 2020, da aka yi ta yayata cewa yana maganin korona, masu lufus a ƙasashe da dama sun neme shi sun rasa.

Babban sauyi ya zo daga Landan. Marc Feldmann da Ravinder Maini, a Cibiyar Kennedy, sun ɗauki tantanin gaɓoɓin marasa lafiya suka bincika saƙonnin da ƙwayoyin yaƙi ke aika wa juna. Suka ga akwai wani guda, TNF, wanda in an toshe shi sauran ma sai su yi ƙasa, kamar an kama mai busa ƙahon yaƙi. A 1992 suka gwada a kan marasa lafiya, sakamakon ya girgiza fannin. Daga 1998 irin waɗannan allurai suka fara shiga kasuwa, a 2012 kuma aka samu na haɗiya masu toshe saƙon daga cikin ƙwayoyin yaƙin. A Jamus, tun 2021, ƙungiyar Georg Schett a Erlangen ta ɗauko wata dabara ta maganin kansar jini, inda ake cire fararen ƙwayoyin mutum a sake musu horo a mayar, ta gwada kan masu lufus mai tsanani, cutar ta kwanta har suka ajiye magunguna. Mutane kaɗan ne tukuna, kuɗin kuma na fitar hankali ne. Aikin da aka ba Nobel a 2025 ma har yanzu a matakin gwaji ake ƙoƙarin mayar da shi magani, don haka duk wanda ya ce maka ya shigo da shi a kwalba, ƙarya yake yi.

A nan gida akwai ƙarin lissafi guda biyu. Na farko tsada: waɗannan allurai sun fi ƙarfin aljihun mafi yawan gidajen zango, ko da yake kwafinsu masu rahusa sun fara fitowa. Na biyu, TNF ɗin da ake toshewa shi ne ke tsare ƙwayar tarin fuka a kurkuku a cikin huhu. A ƙasar da tibi da ciwon hanta nau'in B suke da yawa, dole a gwada mutum kafin a fara masa. Wannan na cikin dalilan da suka sa binciken da aka yi a Turai ba ya wadatar da mu, sai an yi namu a kan jikinmu.

"Ai cutar Turawa ce"

An daɗe ana koyar da cewa irin waɗannan cututtuka ba su cika kama 'yan Afirka ba. A 1968 wani likita, Brian Greenwood, yana aiki a Ibadan, ya rubuta cewa ba ya yawan ganinsu a asibiti, ya kawo shawarar cewa wataƙila zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsin ciki na shagaltar da garkuwa. Tunani ne mai ma'ana, har yau ana tattauna shi. Sai dai akwai wata amsar mai sauƙi: abin da ba a nema ba, ba a ganinsa. Inda babu likitan fannin, babu gwajin, mai ciwon kuma tana ɗaki ana ce mata jifa ne, wa zai ƙirga ta? Da aka fara samun ƙwararru, marasa lafiya suka cika layi. A Ghana, Farfesa Dzifa Dey ta asibitin Korle Bu a Accra na cikin waɗanda suka share wannan hanya. Ta kafa ƙungiyar tallafa wa masu irin waɗannan cututtuka, ta kuma shugabanci ƙungiyar likitocin fannin ta Afirka. Duk da haka ƙwararrun ƙalilan ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 30, kuma a manyan asibitocin koyarwa irin Korle Bu da Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, aka fi samun gwaje-gwajen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da matan ke shiga. Yarinya mai lufus gashinta na zuba, fuskarta na tabo, cikinta na ɓarewa, sai a ce kishiya ce, ko aljani ya aure ta. Dangin miji su fara gunaguni cewa raguwa ce, tunda da rana ana ganinta kamar lafiya lau. Ciwon da ba ya zubar da jini a fili, wuyar samun mai tausayi gare shi.

Ƙaho, ɗori da addu'a

Ba na cikin masu raina abin da muka gada. Gashi da ruwan ɗumi da tausa da man kaɗanya suna sassauta gaɓa, likitoci ma na ba da shawarar ɗumi. Ghana na da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, kuma kolcisin da ake ba mai gawut daga tsiro aka samo shi. Ƙaho na iya sa mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, amma jinin da wanzami ya zuƙo ba shi ne cutar ba, kuma askar da ta taɓa wani hanya ce ta ciwon hanta. Mai ɗori kuwa karaya ya sani. Gaɓar da ke cin wuta in aka ja ta aka ɗaure da kara, sandarewa za ta ƙara yi.

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba sai da ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Ya kuma ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ina faɗin haka ne saboda dattawan da ke azabtar da gwiwa don kunyar a gan su kan kujera a sahu. Ga mai zaizaya kuma, zama wuri ɗaya ba shi ne mafita ba. Tafiya a ƙasa mai laushi da ƙarfafa naman cinya suna rage ciwo, kuma an auna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin kusan kilo huɗu ne ya sauke wa gwiwarsa a kowane taku.

Yaushe za a bar shafa a tafi asibiti?

Gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, mutum ba ya iya taka ta, wannan ta ranar ce, ba ta gobe ba, don ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa ta lalata ta cikin kwanaki. Haka yaron da ciwo ke yawo masa daga gwiwa zuwa idon sawu bayan ciwon maƙogwaro, da mai ciwon baya da ke ramewa yana zufar dare, domin tibi na kama ƙashin baya. Kumburin yatsu da sandarewar safe da suka kai mako shida, ko ciwon gaɓoɓi tare da zubar gashi, gyambon baki, kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa, waɗannan a fara daga asibitin kusa da katin inshorar lafiya, a faɗa wa likita tsawon lokacin da gaɓar ke ɗauka kafin ta saki da safe, a nemi takardar turawa gaba. A tafi da duk abin da ake sha a leda, har da na kwalba da na ƙulli, ba tare da jin kunya ba. Gwajin jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci: wani yana da cutar gwajin bai nuna ba, wani gwajin ya nuna alhali lafiyarsa ƙalau, shi ya sa sai likita ya taɓa gaɓar da hannunsa.

Gwaggo yanzu ranar Juma'a take shan ƙwayoyinta, ta zaɓi ranar ne don kada ta manta. Duk bayan wata uku ɗanta na kai ta a ɗebi jini. Kumatun sun saɓe, sugan da ya hau ya sauko, sandarewar safe ta koma ta 'yan mintoci. Yatsu biyu na hannun dama dai ba su miƙe ba, likita ya ce ba za su miƙe ba. Ta koma bakin tukunyarta, ita ke zuba koko tana karɓar kuɗi, 'yarta ce ke buga waken ƙosai.